Ƙwaron masara da sanyin Jos

Macen ƙwaron masara huda ƙwaya take yi da bakinta, ta saka ƙwai ɗaya a ciki, ta toshe ramin da wani danƙo. Ido ba ya gani, shi ya sa buhu zai yi kyau a waje alhali ɓarna ta yi nisa.

Ta fi zuba ƙwai idan zafi ya kai digiri 25 zuwa 30, laimar iska kuma wajen kashi 70 cikin ɗari. A haka, wata guda da 'yan kwanaki sabon ƙwaro ya fito. Ƙasa da digiri 15 kuwa, sai ta kusa dainawa. Sanyin hunturun Jos yana rage mata ƙarfi, amma kada ya ruɗe ka: tsakiyar buhu ɗumi gare shi, kuma zafin Maris na tafe.

Danshin ƙwayar ya fi komai muhimmanci. Shanya masara har danshinta ya sauka zuwa kashi 12 ko 13 cikin ɗari. In babu na'urar awo, zuba ta a busasshiyar kwalba da busasshen gishiri, ka girgiza. Gishirin ya manne a jikin kwalba? A mayar da ita shanya.