Kafin ku cika fom ɗin neman tallafin yara

Ƙannena, musamman ku da kuke tara yaran unguwa da yamma kuna koya musu karatu, na san tunanin neman tallafi ya fara zo muku. Ni ma na bi hanyar, kuma na sha tuntuɓe a kanta.

Mu biyar muka fara, a wani zaure a Kurna, cikin Kano, da yara 'yan talla da marayu, bayan sallar La'asar. Takardar farko da na rubuta wa wata gidauniya shafi shida ce, kuma kusan duk kuka ne: talauci, maraici, kwatoci a cushe. A ƙarshe na nemi kuɗin gina makaranta, da rijiyar burtsatse, da abinci, har da kekunan ɗinki na iyaye mata. Ko amsa ban samu ba. Sai daga baya wata baiwar Allah da ta taɓa aikin tace irin waɗannan takardu ta ce mini, "Malam, ai mun san akwai talauci. Abin da muke nema shi ne yara nawa, me za a yi musu, cikin wata nawa, da naira nawa, kuma ta yaya za a gane an yi."

Na ji maganarta, amma na ɓata rawata da tsalle. A takarda ta biyu na rubuta muna da yara 200, alhali ba su kai 50 ba. A tunanina babban adadi shi ke jawo babban kuɗi. Wata Laraba, ba sanarwa, sai ga baƙo daga gidauniyar da na rubuta wa ya yi sallama. Ya zauna a kan tabarma yana ƙirga kawuna da ido, sannan ya ce in ba shi rajistar halarta. Ba mu da ita. Na shiga kame-kame, wai sauran sun tafi talla. Ya yi murmushi, ya sha ruwan da aka kawo masa, ya tafi. Har yau idan na tuna sai na ji zufa. Littafi mai bango mai kauri, ana rubuta suna da kwanan wata kullum, da ya fi mini wannan ƙaryar amfani.

Sai maganar takardu. Lambar asusuna na kaina na sa a fom, ina ganin ai an san ni da amana. Babu gidauniyar kirki da za ta zuba kuɗi a asusun mutum ɗaya. Ana bukatar rajista da hukumar CAC, mai yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rajista, a matsayin ƙungiya mai amintattu, kuma kafin a ba ku sai an buga sanarwa a jarida an jira kwana 28 ko wani zai ƙalubalanta. Bayan nan banki zai nemi takardar SCUML, sashen EFCC da ke yaƙi da halasta kuɗin haram. Ku buɗe asusun da sai mutum biyu sun sa hannu kuɗi ke fita. Duk wannan watanni yake ci, shi ya sa ba a fara shi ranar da aka ga sanarwar tallafi.

Wanda ya fi damuna shi ne hoto. Na ɗauki wata yarinya da yagaggiyar riga na sa a Facebook don a tausaya. Washegari mahaifiyarta ta zo har zauren, ba ta ɗaga murya ba, ta ce, "Malam, karatu na kawo ta, ba bara ba." Na goge hoton, amma yarinyar ba ta sake dawowa ba. Masu tallafi da yawa yanzu suna neman rubutacciyar ƙa'idar kare yara kafin su duba sauran takardunku. Da ina jin haushin sharaɗin, yanzu na daina.

Fom ɗin da aka turo ta WhatsApp aka ce sai kun biya, damfara ce. Na biya sau ɗaya.

Ku karanta sharuɗɗa kafin ku wahalar da kanku. Shirin ƙananan ayyuka na ofishin jakadancin Japan a Abuja ya fi karkata ga gina ajujuwa da samar da ruwa, ba albashin malamai ba. Gidauniyar TY Danjuma kuwa lafiya da ilimi ta sa a gaba. Kada ku dogara kacokan a kan tallafin ƙasashen waje, domin an ga yadda ayyuka suka tsaya cak da Amurka ta rufe USAID, hukumarta ta ba da agaji ga ƙasashen waje, a 2025.

Tallafin da muka fara samu ƙarami ne, na benci da allo da littattafai. Na yi lissafin a farkon 2023, kuɗin bai shigo ba sai bayan cire tallafin mai a watan Mayu, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500. Ban ware ko kwabo na ko-ta-kwana ba, ban kuma sa kuɗin dako ba. Benci ashirin da na yi alkawari suka koma goma sha biyu. Wannan karon ban ɓoye ba, na rubuta wa masu tallafin gaskiya, na haɗa da rasidin kafinta da takardar mai Keke Napep da ya dangwala da yatsa. Shekarar da ta biyo baya su da kansu suka kira ni.