Wai a kwana 5 zai haɗa sulke

Jiya litinin da daddare ina shirin rufe shago sai ga ɗan ƙanwata ya faɗo, ya rungumo tabarmar soso irin ta ɗakin motsa jiki har guda 4, ɗayan hannun kuma waya. Ko gaisuwar kirki bai yi ba. Wai Kawu ara min almakashi da tef, ran asabar akwai taron masu shigar jarumai, abun nan da suke ce ma kosfile, zan je a jarumin nan mai sulke ja da ruwan zinari. Na ce wace asabar? Ya ce wannan mai zuwa. Na ce toh me ka riga ka haɗa? Sai ya miƙo min waya, wani bature ne a bidiyon sakan 40 yana yanka soso yana mannawa, kafin ka ƙifta ido abu ya koma kamar ƙarfe. Abun da yaro ya haɗa kenan, kallo.

Na yi dariya har sai da na nemi benci, shi kuma ya kumbura yana ganin raina shi na yi. Bai san da kaina nake ba.

A 2015 ina koyon ɗinki wurin maigidana nan Nima, cikin Accra. Shekarar da ta gabace ta na je Chale Wote, bikin zane da wasannin titi da aka fara a 2011, lokacin a unguwar Jamestown ake yin shi cikin watan Agusta, na ga samari sun shafe jiki da fenti, wasu sun yi shiga da waya da kwalabe da tsofaffin kayan rediyo, mutane na rububin ɗaukar hoto da su. Na dawo bes ɗinmu, wurin hirarmu, ana shan ataya na buga ƙirji na ce baɗi sai na fi su duka, sulke zan yi tun daga kai har ƙafa. Tun daren suka sa min Injiniya. Shekara guda cur ina amsa sunan nan, ban yanka ko kwali ɗaya ba.

Ina da uzuri fa, kar ku ce bani da shi. Shekarar ce dumsor, wato matsalar ɗauke wuta, ya fi tsanani, har aka kai ana ɗauke wuta awa 24 a kawo ta 12. Azumi ya shigo, sallah ta faɗo tsakiyar Yuli, kuma duk wanda ya san shagon tela a goman ƙarshe ya san ko wanka da ƙyar ake yi. Yaron shago ba shi da lokacin kansa, kai ne guga, kai ne sa maɓalli, kai ne sayo ma maigida koko da ƙosai. Duk gaskiya ne. Amma bayan sallah an bar min sati 5 shago shiru, ɗinkin layya bai fara shigowa ba, me na yi da su? Zane. Na cika littafi guda da zanen sulken ta gaba da ta baya ina zagawa da shi bes bes ana yaba min. Daɗin yabon nan shi ya cuce ni, don in an gama cewa kai Injiniya ka iya, sai in ji kamar na riga na gama.

Sai ran talata, saura kwana 4 a yi bikin, na shiga trotro, motar haya, na tafi kasuwar Kantamanto. Na samo wando da riga masu talewa irin na 'yan tsere a cikin gwanjo, wandon ya min kaɗan amma na ce ai ni tela ne zan ƙara masa yadi. Na biya wurin masu sayar da firiji na roƙi kwali da farin soson nan mai ƙwaya ƙwaya da ake tare kaya da shi, na sayi solusho na masu gyaran takalmi da fentin feshi gwangwani 2. Kuɗin ma ba nawa ba ne duka, na Hajiyarmu ne da ta ba ni in kai adashi, na ce zan mayar kafin ta sani. Wannan ban taɓa faɗa ma kowa ba sai yau, Allah Ya jiƙanta, ina jin ta sani ta dai yi shiru ne.

Hular kwanon na fara yi. Na hura balan balan, na dama sitacin rogo, na dinga liƙa tsofaffin jaridu, kuma maimakon in sa shafi 2 in bari ya bushe in ƙara, sai na labta shafi 8 a zama ɗaya don in huta. Agusta kuwa a Accra kun san yadda take, rana a ɓoye, iska da laima, wani lokacin yayyafi. Laraba ta wuce abu na nan jiƙe, alhamis ya fara tsami kamar kullun da ya kwana biyu. Na hura kurfoti na kanga shi kusa, waje ya bushe ya yi ƙyau, ciki na nan caɓal, gefe ɗaya kuma ya ƙone ya lotsa. Na ce ba komai fenti zai rufe.

Ran juma'a bayan masallaci na fito da ƙirjin sulken da na sassaƙa daga farin soson nan, kuma wallahi ya yi kyau, har yau ina cewa da wani ne ya ga sassaƙar nan da ya ɗauke ni aiki. Na jingina shi jikin bango a lungu, yara sun taru, na girgiza gwangwani na fesa. Ina kallo abun ya fara ƙuna yana shigewa ciki kamar an zuba ma sikari ruwa, ramuka ko'ina, cikin minti ɗaya aikin kwana 2 ya koma kamar saƙar zuma. Wani yaro ya ce Injiniya ya narke! Ashe sinadarin da ke cikin fentin feshi cinye irin wannan soson yake yi, sai an fara rufe shi da wani abu. Wa zai gaya min? Lokacin data tsada, wayata ma Facebook kaɗai take iya buɗewa da ƙyar. Kodayake mai fenti na nan bakin titinmu, tambaya ɗaya ce, girman kai ya hana, Injiniya guda ya je tambaya.

Daren nan ban runtsa ba. Na koma kan kwali, babu wuta, fitilar waya a baki, na ɗauki almakashin maigida na yankan yadi na dinga datsa kwali da shi. Duk tela da ke karanta wannan na san ya dafe kai. Solusho kuma ka'idarsa ka shafa gefe biyu ka jira kamar minti 10 har ya daina kama yatsa sannan ka haɗa, nan take ya riƙe. Ni ina shafawa nake mannawa in danne da gwiwa, in saki ya buɗe, in ƙara labtawa. Ɗaki a rufe saboda sauro, wajen ƙarfe 3 kaina ya fara juyawa sai da na fita tsakar gida na yi amai. Wandon kuma na ƙara masa yadi da baƙin keken nan namu na ƙafa mai ɗinki miƙe kawai. Yadi mai talewa ɗinkin zigzag yake so, don zaren ya samu wurin bin yadin in ya ja, ni shekara 2 ina kaftani da jamfa ban taɓa taɓa irinsa ba. Da asuba na fesa ja, ƙarfe 10 na saka.

Karo na farko kenan da kayan suka hau jikina gaba ɗaya. Nan na gano ba na iya sunkuyawa, ba na iya ɗaga hannu sama da kafaɗa, ramin idon hular kuma ya yi sama sai na ɗaga haɓa nake ganin hanya. Ina ɗaga ƙafa zan hau trotro na ji ɓarrr ta baya, yaron mota ya kwashe da dariya. Na shige na zauna a karkace. Kusa da ni wata dattijuwa ce sanye da farin leshi, da alama suna ko biki za ta, duk gargadar da mota ta shiga kafaɗata na gogar hannunta. Ba mu kai Tudu ba ta duba ta ga ja shar tun daga kafaɗa har gwiwar hannu. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Ta kalle ni ta cikin ramin hular nan ta ce da Hausa, ɗana, me na yi maka? Na laluba babu aljihu balle kuɗi, canjin motar ma a safa yake.

Na dai isa Jamestown. Na yi kamar minti 20 kusa da hasumiyar fitilar jiragen ruwa, bayana jikin bango saboda wandon, zufa ta jiƙa hular ta ciki ta fara zubo min sitaci a ido, kafaɗa ɗaya ta faɗi wani yaro ya gudu da ita. Wasu turawa 2 sun ɗauke ni hoto, ina jin sun zaci da gangan ne, fasaha ce. Ran litinin maigida ya sa almakashi a shadda ya ji tana taunawa, bai ce komai ba ya aje min ita a gaba, sati 2 bai bar ni na hau keke ba.

Toh ku samari, na zauna ne da niyyar jero muku shawara 10, ina rubutu na ga ba su kai ba. Ku ƙirga awannin bushewa kafin ku ƙirga na aiki. Hannu ana iya sa shi sauri, gam da fenti ba ruwansu da asabar ɗinku. Wannan tabarmar soso da yarona ya kawo ta fi abun da na yi amfani da shi nesa ba kusa ba, tana lanƙwasuwa in ta ji zafi, fenti ba ya narkar da ita, amma shan fenti take kamar ƙasa, sai an shafa mata farin gam na kafinta da aka ɗan tsinka da ruwa shafi 3 ko 4, kowane ya bushe kafin na gaba, sannan fenti shafi 2, sannan ya kwana ya sha iska. Ku lissafa da kanku ku gani ko kwana 5 ya isa sulke tun daga kai har ƙafa, ga makaranta ga barci. Mutanen Winneba da ke fitowa da shigarsu ran 1 ga Janairu da na Takoradi lokacin Kirsimeti, kuna tsammani a satin suke farawa?

Saboda haka a rage. Ƙirji da hannu ɗaya da abun rufe fuska, sauran baƙar riga da baƙin wando daga Kantamanto, shikenan. Na san za ku ce ai ba haka yake a fim ba. Ku da ba ku iya zare allura ba! Komai sai a waya, an nuna muku sakan 40 an ɓoye muku sati 6, kuma in babba ya yi magana ku ce tsohon yayi ne.

Ran alhamis a saka kayan duka, a zauna, a tsuguna, a hau mataki, a gwada shiga bayi da su. Wannan ko an bar sauran kar a bar shi. Solusho kuma a waje ake shafa shi, ba a ɗaki ba. Kar a kwana ido biyu, yawancin ɓarnar da na yi bayan ƙarfe 12 na yi ta. Kodayake in ba a kwana ba yaushe za a gama, mu da muka saba daren sallah bani da bakin hana ku, dare ɗaya dai, kuma kar ya zama na juma'a.

Da na so in ce ma ɗan ƙanwar nan tawa ya haƙura sai wani taron. Har na buɗe baki, sai na tuna ni bayan abun nan ban sake gwadawa ba, shekara 10 kenan, littafin zanen na nan ƙarƙashin akwati, kuma duk Agusta sai na ji wani abu. Ban san wanne ya fi ba, ya je ya ji kunya ko ya zauna gida kamar ni. Sai kawai na ce kawo ledar naɗe abinci da salatif na takarda, na naɗe masa ƙirji, na zana layi da biro, na tsaga na shimfiɗa kan takardar buhun siminti, ga ma'aunin jikinsa ya fito ba sai an yi ta kintace ba. Ya ce Kawu ashe ka iya? Na ce rufe min baki.

Almakashi dai na hana shi, na ba shi sidi 10 ya sayo reza. Mun yi da shi zai zo yau ƙarfe 4 mu yanka, yanzu 6 saura, uwarsa ta ce ya tafi aski wai don hoton ran asabar.