Darussan String ga wanda zai gaji tebur ɗina

Ƙanena, kafin ka taɓa komai a manhajar ofishinmu na Nima a Accra, ka san cewa yawancin ƙorafin kwastomomi ba daga lissafin kuɗi yake fitowa ba. Daga rubutu yake, wato abin da ake kira String a Java, harshen da ake rubuta manhajar da shi.

Mafi tsada shi ne saƙon tes. A Java, length(), mai ƙirga haruffa, za ta ce maka rasit ɗin MoMo, wato kuɗin da ake turawa ta waya, haruffa 150 ne, ka ɗauka saƙo ɗaya ne tunda iyakar ita ce 160. Wannan iyaka ta GSM-7 ce kawai, tsarin haruffan tes na yau da kullum. Da zarar ƙ, ɗ ko ɓ ta shiga, ko ɛ da ɔ na sunayen Twi, ko alamar sidi ₵, ko da guda ɗaya ce, sai saƙon gaba ɗaya ya koma wani tsarin, UCS-2, mai ɗaukar haruffa 70, in an tsinka shi kuma kowane yanki 67. Rasit ɗaya ya zama saƙo uku, kuɗi ninki uku. Ƙarshen wata oga zai duba bil ya ce yaran nan ba su iya aiki ba, alhali shi ya dage a sa ₵ wai don ado. Ka rubuta GHS a maimakon ₵, ka kuma tantance kowane harafi kafin a tura.

Sai getBytes(), mai mayar da rubutu zuwa bytes don ajiya ko turawa, da aka bari ba tare da an faɗa mata tsarin haruffa ba. Kafin Java 18 ta 2022, tsarin na'urar da take kai take bi. A kwamfutar Windows sai ƙ ta zama alamar tambaya, Ƙasimu ya koma ?asimu, kuma in ya shiga rumbun bayanai a haka babu dabarar da za ta dawo da shi. Kullum ka sa mata StandardCharsets.UTF_8, tsarin da ke ɗaukar duk haruffan nan, teburin rumbun bayananmu na MySQL kuma utf8mb4, sunan wannan tsari a can. Tsohuwar sabar da aka ƙi sabuntawa zuwa Java 18 tana nan, ka kula.

Kada ka kwatanta rubutu biyu da ==. A gwaji zai wuce, saboda Java na ajiye rubutu iri ɗaya da ka sa cikin umarnin manhaja a wuri guda, == kuma wurin ajiya take dubawa, amma abin da mutum ya buga a waya sabon abu ne daban. Yi amfani da equals(), mai duba haruffan kansu.

String ba ya canzawa: trim() mai cire sararin gefe da toUpperCase() mai mayar da haruffa manya sabo suke dawo maka da shi, in ba ka karɓa ba ya tafi. Haɗa rubutu cikin zagaye mai tsawo, wato umarnin da ake ta maimaitawa, aikin StringBuilder ne, wanda shi ana iya ƙara masa rubutu.

Lambar waya kuwa rubutu ce. Ka sa ta a int, ma'ajin lambar lissafi, sifirin farko na 024 ya ɓace, mai lambar ƙasa 233 a gaba kuma ba za ta ma shiga ba saboda tsawo.