Juma'a, zaman bayan La'asar

Ban ma buɗe gareji ba aka aiko kirana daga unguwar Bagalam, a nan Maraɗi. Mahaifiyar yaron da aka sallamo daga asibiti makon jiya ce. Na tarar da ita a tsakar gida tana tankaɗe, idanunta sun kumbura. Bayan mun gaisa ta ce, "Ɗana, yaron nan bai runtsa ba. Kwana ya yi yana juyi, wai ƙafafunsa ba su barinsa ya kwanta. Ko maganin likita bai karɓe shi ba ne?"

Na ce, "Inna, ku kwantar da hankalinku, haka tramol take idan tana barin jiki." Zawo da gumi da ciwon gaɓoɓi su ne na farko, kuma ba su cika wuce mako ɗaya ko biyu ba. Rashin barci da mutuwar zuciya kan ɗauki makonni, wani har watanni. Na san haka domin na kwana irin wannan kwanan. Da na shiga ɗakinsa ban yi masa wa'azi ba. Na gaya masa yadda nake fita in zauna a ƙofar gida in jira kiran Assalatu, lokacin da nawa ƙafafun suka ƙi kwanciya. Ya ɗago kai ya dube ni sosai, ya ce, "Yaya, kai ma?" Muka yi da shi zan biyo in ɗauke shi da yamma.

A gareji aiki ya yi yawa, ruwan shekaranjiya ya shiga injin baburan ƴan kabu-kabu da dama. Ina share gaban rumfa na tsinci fankon katin ƙwayar tramol, an rubuta miligiram 225 a jikinsa. Wadda likita ke rubuta wa mai ciwo yawanci 50 ce ko 100. Waɗannan manyan, akasarinsu daga Indiya ake yo su, su sauka a tashoshin ruwa irin na Kwatano da Legas, su biyo hanya har su iso tiren mai talla a bakin tasha. Najeriya ta hana maganin tari mai kodin a 2018, amma duk wanda ke bin hanyar kan iyaka ta Ɗan Isa zuwa Jibiya ya san hani a takarda daban, abin da ke cikin aljihun yara daban. Wannan shi ne garin da ake sallamo mutum ya dawo cikinsa. Asibiti ta wanke masa jini, Allah ya saka wa ma'aikatanta, amma mai tallar yana nan inda ya bar shi, fadarsu, wato majalisar da samari ke zaman shayi, tana nan, abokin da zai ce "ɗaya kawai, don aiki" shi ma yana nan.

Bayan an sauko daga masallaci na ɗan kishingiɗa, La'asar na yi na ɗauko yaron muka nufi wurin zama.

Zamanmu ba shi da suna, ba shi da ofis. Mutane ne da muka yi jinya a wuri ɗaya a lokuta dabam-dabam, muka riƙe lambobin juna, daga baya muka buɗe zaure a WhatsApp, muka tsayar da yammacin Juma'a a gindin dogon yaro, a gidan dattijonmu da ke unguwar Zariya. Tabarma ce da butar shayi da gawayi, kamar kowace fada a Maraɗi. Ni a ganina sirrin ke nan. Saurayin garin nan ba ya rayuwa ba fada. Idan ka ce masa ya bar tsohuwar fadarsa, kuma dole ya bar ta domin zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, to sai ka ba shi wata. In ba haka ba zai zauna shi kaɗai a ɗaki daga Magariba zuwa tsakar dare, kuma babu lokacin da ya fi wannan haɗari.

Ƙa'idojinmu kaɗan ne. Abin da aka faɗa a kan tabarma ba ya fita ƙofa. Ba a katse mai magana. Kowa yana zuba dala hamsin a asusu in yana da ita, da shi muke sa wa marar hali kati a waya, ko mu biya masa kuɗin zuwa ganin likita ranar da aka ba shi. Sabon zuwa kuma ana haɗa shi da wanda ya daɗe, wanda zai iya kira ko ƙarfe uku na dare ne.

Yau wani ɗan'uwanmu lebura ne ya fara magana. Ya jima ba mu gan shi ba. Ya sunkuyar da kai ya ce ya koma, an ɗauke su aikin sauke siminti, jiki ya gaza, abokin aiki ya jefa masa a kofi. Wuri ya yi tsit. Sai dattijonmu ya miƙa masa kofin shayi na farko ya ce, "Ƙanena, da ka tafi ka dawo, ƙafarka ce ta kawo ka nan, ba ɗauko ka aka yi ba. Sha." Na ga yaron da na kawo yana kallon abin da idanu buɗe. Ina jin ya zaci za a kore shi ne.

Akwai ma'aikacin jinya mai ritaya da ke zuwa mana jefi-jefi, muna kiransa Baba. Shi ya karɓi maganar. Ya ce cibiyar binciken shaye-shaye ta Amurka ta ƙiyasta kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa magani sukan koma, kusan daidai da yadda masu hawan jini da masu asma ke samun dawowar ciwo, kuma ba wanda ke zagin mai hawan jini don ya koma asibiti. Sannan ya ja kunnenmu da abin da nake so kowane gida ya sani: jikin da ya huta ya manta yawan da ya saba ɗauka. Wanda ya koma ya haɗiyi adadinsa na da, yana iya faɗuwa da farfaɗiya, ko numfashi ya tsaya. Shi ya sa ɓoyewa ta fi komawar kanta kisa. Mutumin da ya san akwai tabarmar da zai faɗi gaskiya a kanta ba tare da an tozarta shi ba, da wuri yake faɗa, da wuri ake mai da shi wurin likita.

Baba ne kuma ya taɓa ba mu labarin cewa a 1935, a garin Akron na Amurka, mashaya giya biyu, ɗaya dillalin hannun jari ɗaya likita, suka gane cewa hira da juna tana riƙe su, daga nan ƙungiyar Alcoholics Anonymous ta samo asali, ta masu ƙwaya kuma, Narcotics Anonymous, ta biyo baya a 1953 a Kalifoniya. Mu ba littafinsu muke bi ba, da addu'a muke buɗewa da ita muke rufewa, amma na ji daɗin sanin cewa wasu sun riga mu gano abin da muka laluba da kanmu.

Abu ɗaya ya tsaya mini a rai. Mata ba su da irin wannan wuri. Akwai ƴan mata da matan aure da ke fama da sirop na tari da ƙwayar barci a cikin ɗaki, kuma ko an yi musu magani a ɓoye ake yi, a ɓoye suke dawowa, ba wadda za su kira. Ba za su zauna a tabarmarmu ba, bai ma dace ba. Uwargidan dattijonmu ta ce in aka samu ma'aikaciyar jinya mace da za ta riƙa zuwa, ita za ta ba da ɗakinta. Baba ya ce zai tuntuɓi wata tsohuwar abokiyar aikinsa.

Kafin a tashi aka yi maganar damina. Noma ya kankama, lokacin da ƴan ƙwadago suka fi shan ƙwaya ke nan don su kai yamma a gona. Muka yi shawara duk wanda zai tafi ƙauye aiki ya faɗa a zaure, a haɗa shi da wani su riƙa waya kullum bayan Isha'i. Mutum ɗaya ne ba mu ji ɗuriyarsa ba, wani magini da ya koma Tibiri, wayarsa a kashe. Ranar Lahadi in Allah ya kai mu, ni da dattijonmu za mu hau babur mu je gidansu mu gani.