Sharaɗin nan, a ON zan sa shi ko a WHERE?

An ba ni aikin fitar da rahoto a PostgreSQL, wato manhajar adana bayanai a cikin tebura, tebur biyu ne, na kwastomomi da na oda. Ana so a ga kowane kwastoma da yawan odar da ya yi a 2024, har da waɗanda ba su sayi komai ba, don asali ma su ake son a tuntuɓa. Kwerin da na tarar, wato umarnin ciro bayanan, LEFT JOIN ne ya haɗa teburan biyu, sai can ƙasa aka sa sharaɗin shekara a WHERE, sashen da ke tace layuka. A ido lafiya lau, amma da na ƙirga layukan da ya fitar na gwada da teburin kwastomomi sai na ga giɓi, duk wanda bai yi oda ba ya ɓace.

Abin da ke faruwa shi ne LEFT JOIN yana kawo duk layukan teburin hagu (a nan na kwastomomi), wanda bai samu abokinsa a dama (teburin oda) ba sai a cike masa gurbi da NULL, wato alamar babu komai. WHERE kuma sai an gama haɗin yake aiki, to in ya gwada NULL da 2024 amsar ba TRUE ba ce ba kuma FALSE ba, UNKNOWN ce, shi kuwa TRUE kaɗai yake bari ya wuce. Shi ke nan LEFT JOIN ya koma INNER JOIN (haɗin ciki, mai kawo waɗanda suka samu aboki kaɗai) shiru, ba wani gargaɗi, kuma wallahi wannan ne ya fi damuna don lissafin banza ne za a kai gaban manya a yanke hukunci da shi. Da na duba EXPLAIN ma, mai nuna yadda za a gudanar da kwerin, na ga shi kansa PostgreSQL ya gane haka, tuni ya mayar da shi haɗin ciki.

Na ɗauke sharaɗin shekarar na mayar da shi cikin ON, inda ake faɗin yadda teburan za su haɗu, kowa ya dawo. Wani abokin aiki ya ce ai da na bar shi a WHERE na ƙara OR shekara IS NULL, na gwada don in nuna masa, wanda bai taɓa oda ba ya dawo amma wanda ya yi oda a 2023 bai yi a 2024 ba har yanzu babu shi, saboda shi ya samu abokin haɗi, shekararsa ba NULL ba ce kuma ba 2024 ba ce. Wannan dabarar ta fi haɗari don rabin matsalar take gyarawa sai mutum ya saki jiki.

Sai ƙirga. COUNT(*) yana ba wanda bai sayi komai ba 1, tunda layinsa na nan. Lambar oda na ƙirga daga teburin dama, tunda COUNT na tsallake NULL, sai ya ba da 0.

Akwai kuma juyinsa, in sharaɗin na teburin hagu ne, misali kwastomomin da ba a rufe asusunsu ba, ka sa shi a ON na LEFT JOIN ba zai cire kowa ba, waɗanda aka rufe asusunsu za su fito ne kawai da NULL a dama. Wannan WHERE ne gidansa. A INNER JOIN kam duk inda ka sa sakamako ɗaya ne, ni dai ina barin ON ga abin da ya haɗa teburan don mai karantawa ya huta.

Daga baya suka ce sunayen waɗanda ba su yi oda ba kawai suke so. Nan ban yi join ba ma, NOT EXISTS na sa, mai kawo wanda ba shi da layi a teburin oda, na guji NOT IN don NULL guda ɗaya a cikin jerin da yake dubawa ya isa ya sa kwerin ya dawo ba ko layi ɗaya.