Abin da ɗaura mahaɗin tirela ya koya mini game da nauyi

Mafi yawan masu motar a-kori-kura da ke neman a canja musu mahaɗin tirela, wato ƙarfen da ke bayan mota wanda ake haɗa tirelar da za ta ja da shi, buƙatarsu ɗaya ce: a cire wanda ke jikin motar, a ɗaura wanda ya fi shi kauri, domin motar ta ja abin da ya fi nauyi. Buƙatar ba ta da laifi, domin wannan ƙarfe shi ne yake shan fizga duk lokacin da aka tashi, yake shan turi duk lokacin da aka taka birki, kuma in ya karye, tirela mai tan biyu ko uku ce za ta kama gabanta a tsakiyar titi babu mai sarrafa ta. Sai dai shekarun da na yi a wannan sana'a sun tabbatar mini cewa canja mahaɗi ba ya ƙara wa mota ko kilo ɗaya a kan iyakar da kamfanin da ya ƙera ta ya gindaya. Amfanin mahaɗi mai kyau shi ne ya ba mota damar kaiwa iyakarta lami lafiya, kuma wannan ce maganar da na fi shan wahala kafin mutane su yarda da ita.

A ƙa'idar J684 ta ƙungiyar injiniyoyin motoci ta SAE da ke Amurka, an kasa mahaɗai aji huɗu. Na farko ya tsaya a kan laba 2,000, wato kimanin kilo 900, na biyu laba 3,500, na uku laba 5,000, na huɗu kuma laba 10,000, kusan kilo 4,500. Wanda ake sayarwa da sunan aji na biyar kamfanoni ne suka raɗa masa sunan, shi ya sa ƙarfinsa yake bambanta daga wannan kamfani zuwa wancan. Lambar da aka buga a jikin mahaɗi kuwa shi kaɗai take yi wa shaida. Sandar da ake zurawa a bakinsa tana da tata lambar, dunƙulen ƙarfen da tirela ke hawa yana da tasa, haka kofin da ke wuyan tirela da sarƙoƙin kariya. Wadda ta fi ƙanƙanta a cikin lambobin nan ita ce iyakar abin da za a ja, ko da sauran sun ninka ta sau biyu.

Saboda haka ne nake fara kowane aiki daga ƙofar direba da littafin mota kafin in taɓa sifana. A takardar da ke manne a jikin ƙofar ana rubuta iyakar nauyin motar da duk abin da ke cikinta, da abin da aksul ɗin gaba da na baya kowanne zai iya ɗauka, a littafin kuma ana samun iyakar abin da za ta ja da jimillar nauyin mota da tirela a haɗe. Karanta yadda ake fitar da waɗannan lambobi ya canja mini kallon aikin gaba ɗaya. A 2008 SAE ta fitar da ƙa'idar J2807, wadda Toyota ta fara bi a 2011, sannan Ford da General Motors da Ram suka bi a ƙananan a-kori-kuransu na ƙirar 2015. Cikin gwaje-gwajenta akwai hawan tudun Davis Dam a jihar Arizona, tafiyar kusan kilomita 18, a zafin da bai gaza digiri 38 a ma'aunin salshiyos ba, da na'urar sanyaya mota a kunne, ba tare da inji ko akwatin giya ya yi zafi fiye da kima ba. Akwai kuma gwajin tashi a kan tudu, da na birki, da na yadda motar ke riƙe kanta a kwana. Duk wanda ya duba wannan zai ga cewa lambar ta fito ne daga lagireto da giya da birki da shasi, kuma babu ɗaya a cikinsu da sabon mahaɗi zai canja. Haka ma kilo 3,500 da ake yawan ambata wa wasu ƙirar Hilux da Ranger, da sharaɗi ya zo, wato tirelar ta kasance tana da birkinta. Idan ba ta da shi, lambar takan sauko zuwa kilo 750.

Darasin da ya fi kowanne zauna mini shi ne na nauyin da ke danna mahaɗi ƙasa. Mutane suna lissafin abin da mota za ta ja, amma kaɗan ne ke lissafin abin da wuyan tirela zai ɗora mata, alhali ga tirelar da ke hawa dunƙule ana so ya kasance kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyinta da lodinta. Wannan nauyi ba a kan tayoyi yake sauka kai tsaye ba, yana sauka ne a can bayan aksul ɗin baya, don haka sai motar ta zama kamar sikeli mai hannu biyu, bayanta na sauka gabanta na tashi. A ɗauka tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya mita 3 ce, dunƙulen kuma yana mita 1.2 a bayan aksul, sannan wuyan tirela ya ɗora kilo 300. Lissafi zai nuna cewa tayoyin gaba sun rasa kilo 120, na baya kuma sun ɗauki ƙarin kilo 420. Tayoyin gaba su ne na sitiyari, su ne kuma suke yin mafi yawan aikin birki, saboda haka duk abin da aka rage musu na nauyi an rage shi ne daga riƙon da suke yi wa kwalta. Ban da wannan, kilo 300 ɗin ana cire shi ne daga lodin da motar ke da izinin ɗauka, tare da direba da fasinjoji da kayan da ke cikin bodi da nauyin sabon mahaɗin kansa. Na sha ganin motar da ba ta kusa da iyakar abin da za ta ja ba, amma ta riga ta wuce iyakar aksul ɗinta na baya.

Ƙarancin wannan nauyi ya fi yawansa haɗari. Wani mai aikin gine-gine ya taɓa kawo mini motarsa da ƙaramin injin haƙa a kan tirela, yana kukan cewa da zarar ya ƙara gudu, ko babbar mota ta wuce shi, sai tirelar ta fara lilo tana jan bayan motar hagu da dama. A zatonsa mahaɗin ne ya yi sanyi. Na ɗauko tef na auna daga ƙasa zuwa bakin bodi a saman tayar baya, na rubuta lambar da alli a jikin tayar, muka sauke wuyan tirelar a kan dunƙule, na sake aunawa, sai na ga bayan motar kusan bai motsa ba. Ya ja injin ne can baya domin ya sauƙaƙa wa motar, ba tare da sanin cewa ya mayar da nauyin bayan tayoyin tirela ba. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, a matso da injin gaba tukuna, mu ga abin da sikeli zai ce." Da aka matsar da shi kamu biyu zuwa uku, muka auna wuyan, ya shigo cikin kashi 10 zuwa 15 ɗin, kuma a gwajin da muka yi a hanya tirelar ta bi motar sak. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kusan kashi 60 cikin ɗari na lodi ya kasance a gaban aksul ɗin tirela, a ɗaure shi tamau yadda ba zai zame ba. Idan kuma lilo ya kama direba a hanya, abin yi shi ne ya ɗage ƙafa daga totur, ya riƙe sitiyari a miƙe, ya matsa birkin tirela kaɗai da hannu idan yana da na'urar, domin taka birkin mota da ƙarfi ko ƙoƙarin gyara da sitiyari ƙara rura abin suke yi.

Idan tirela ta yi nauyi sosai har gaban mota ya tashi, akwai mahaɗi mai raba nauyi, wanda ke da sanduna biyu masu tauri da ake ɗaurewa a wuyan tirela, su mayar da wani kaso na nauyin zuwa tayoyin gaba na mota da tayoyin tirelar. Yana aiki ƙwarai idan an saita shi da tef, ana auna tsayin gaban mota kafin haɗawa da bayan haɗawa, amma ba ya ɓatar da nauyin, kuma akwai motocin da kamfaninsu ya hana a sa musu shi, don haka littafin mota ne mai yanke hukunci. Manyan tireloli kuwa sun fi dacewa da mahaɗin da ake kafawa a cikin bodi daidai saman aksul ɗin baya, inda nauyi ke sauka a kan tayoyi kai tsaye, ko da yake yakan kai kashi 15 zuwa 25 cikin ɗari na nauyin tirelar, wanda ƙaramar a-kori-kura ba za ta iya ɗauka ba.

Wajen ɗaurawa, ba na yarda da mahaɗin da ba don wannan ƙirar motar aka yi shi ba, kuma ba na yarda a rataya tirela mai nauyi a jikin bamba. Mahaɗi na kirki a ramukan da kamfani ya tanada a shasi yake zama, da notuna masu lambar ƙarfi 10.9 ko abin da takardar ɗaurawa ta ambata, a ɗaure su da sifana mai awo zuwa adadin da aka rubuta. Kafin nan sai an goge tsatsa da buroshin waya, an wanke zaren ramukan, an duba da fitila ko shasin ya tsage ko ya ci, domin sabon ƙarfe a kan ruɓaɓɓen shasi yaudarar kai ce. Walda a jikin shasi da huda leɓensa na sama ko na ƙasa abubuwa ne da na daina ko sauraron mai neman su, saboda zafi yana canja ƙarfin ƙarfen, rami kuma wurin fara tsagewa ne. Sandar ƙarin tsawo da wasu ke sawa tana iya rage ƙarfin mahaɗi da rabi. Sannan dole a zaɓi sanda mai sauka ko mai tashi gwargwadon da tirela za ta tsaya daidai wa daida da ƙasa, musamman mai aksul biyu, don kada aksul ɗaya ya ɗauke nauyin ɗan'uwansa.

Girman dunƙule ƙaramin abu ne da ido ba ya rarrabewa. Akwai mai inci 1 da 7/8, da mai inci 2, da mai inci 2 da 5/16, a Turai kuma milimita 50 ake amfani da shi, wanda ya gaza inci 2 da milimita 0.8 kacal. Kofin inci 2 zai hau dunƙule mai inci 1 da 7/8, makullinsa ya rufe, komai ya yi kama da daidai, alhali akwai giɓin kusan milimita 3 da zai iya barin sa ya fice a ramin hanya na farko da aka faɗa ciki. Shi ya sa nake karanta lambar da ke saman dunƙule da wadda ke jikin kofi da idona, sannan bayan an kulle in ɗaga wuyan tirela da jak ɗinsa. Idan bayan motar ya biyo shi sama, haɗin ya kama.

Aiki bai kammala ba sai an duba abin da zai tsayar da wannan nauyi. Tirela mai birkin lantarki tana buƙatar soket mai baki bakwai da na'urar sarrafa birki kusa da hannun direba, wadda nake saitawa a fili ana tafiyar kusan kilomita 40 a awa, ina ƙara mata ƙarfi har tayoyin tirela su kusa ƙamewa, sannan in rage kaɗan. Sarƙoƙi biyu ana gicciya su a ƙarƙashin wuyan tirela domin su tallabe shi idan ya fice, da sakin da zai isa shan kwana amma ba zai ja ƙasa ba. Wayar da ke kunna birkin gaggawa idan tirela ta rabu da mota a jikin motar kanta ake maƙala ta, ba a sarƙa ko sandar dunƙule ba, kuma ƙaramin batirinta sai an tabbatar yana da caji. Tayoyi ma ina duba lambar lodinsu da iskarsu tun suna sanyi.

Akwai lokutan da lissafi yake nuna cewa motar ta yi wa tirelar kaɗan, kuma a irin wannan hali gaya wa mai ita nake yi kai tsaye, in ƙi karɓar aikin, ko da zai tafi yana jin haushina. Wanda motarsa ta cancanta kuwa, nakan rubuta masa mafi ƙanƙantar lambar da muka samu a takarda ya ajiye a mota, in roƙe shi ya hau sikelin auna motoci da cikakken lodinsa kafin doguwar tafiya, sannan ya dawo bayan tafiyar farko domin in sake bin notunan da sifana mai awo.