Akwatin da Nana ta zana

Talata. Zafi tun da hantsi, wuta ta ɗauke sau biyu, ƙanƙarar da na ƙulla jiya rabinta ta koma ruwa. Haka na sayar da abin da ya samu.

Nana ta dawo daga lakkwal da aikin gida. Mushensu ya ce kowa ya zana tutar ƙasarmu Nijar da tambarinta, a shafi na biyu kuma ya ƙago tambarin da yake ganin ya dace da garinmu Tawa. Tuta ba ta ba ta wuya ba: ruwan goro a sama, fari a tsakiya, tsanwa a ƙasa, sai ƙwallon rana a cikin farin. Fensirin ruwan goron ma guntu ne, Auta ya tauna rabinsa, da ƙyar ya isa ranar.

Da aka zo kan tambari sai Baba ya jawo tabarmarsa, ya sa tabarau, ya karɓe littafin. Da yatsa ya riƙa bi mata: ga rana a tsakiyar garkuwa, ga mashi da takubba biyu irin na Abzinawa, ga zangarniyar gero uku, ga kan sa daga ƙasa, tutoci huɗu sun rungume su. Ya ce tutar nan ta girmi 'yancin kai, tun Nuwamban 1959 aka tsaida ta, 'yanci sai 3 ga Agustan 1960. Na ji daɗin ganinsa haka, rabon da ya yi doguwar magana tun ciwon ƙafar nan.

Shafi na biyu ne ya kawo gardama. Ni na ce ta sa albasa, ai duk inda aka ce albasar Galmi an san jiharmu ake nufi. Yaya da ta shigo aron turmi ta ce a'a, masallacin Yama, na ƙasa zalla, wanda har kyautar duniya ya ciyo a 1986. Auta yana ta tsalle wai ɗan kokowa da takobi. Muka yi ta dariya, har na tuna musu yadda aka ƙawata gari da tutoci lokacin Tawa Sakola, bikin ranar jamhuriya da aka yi a garinmu a 2017, Nana tana goye a bayana.

Baba bai ce komai ba sai da muka gaji. Sannan ya ce, "Jikata, in gaskiya kike so, ki zana akwati. Wane gida na cikin Adar ba shi da mutum Abijan?"

Shiru muka yi. Yaya ta ɗauki turminta ta fita.

Na ce, "Haba Baba, wannan ai ba abin sawa a tambari ba ne." Ya ce don mi? Kwanon da ke bisa ɗakin nan da kuɗin ina aka saye shi? Shi kansa shekara goma sha ɗaya ya yi can yana tallan yadi a ka. Ban da amsa. Tambari dai a sanina abin alfahari ake sawa, abin da za a buga a takarda baƙo ya gani. Amma geron da ke cikin na ƙasa, in damina ta yi gardama, da kuɗin 'yan ci-rani muke awonsa a kasuwa, tiya-tiya.

Nana ba ta tanka ba. Bayan magariba na leƙa kayenta. Ta yi garkuwa, ta sa albasa a dama, gero a hagu, a tsakiya akwati ɗaure da igiya. A jikin akwatin ta rubuta sunan babanta da ƙananan baƙaƙe, sai ka matso kake gani. Sallar layya uku ke nan ba da shi aka yi ba.

Na so in ce ta goge, kada yara su yi mata dariya gobe. Har na ɗauko magogi, na mayar.

Tuwo ya yi ruwa yau, ba wanda ya yi magana. Na kira baban Nana sau biyu a WhatsApp bai shiga ba, ƙila yana wurin aiki. Na ɗauki hoton zanen, har yanzu ban tura ba.